Amsterdam a Kwana Biyu: Birnin da Ke Tsaye a Kan Gumagumai

Duk wanda ya ware Asabar da Lahadi don ganin Amsterdam, babban birnin ƙasar Holan, tun daga filin jirgi mamaki zai tarye shi. Schiphol, inda jirginsa zai sauka, yana ƙasa da matakin teku da wajen mita uku. A da can tafki ne mai suna Haarlemmermeer, jiragen ruwa na kai da kawo a kansa, har yaƙi an gwabza a cikinsa a 1573. Da injinan tururi aka zuƙe ruwan, ya ƙafe a 1852. Daga nan jirgin ƙasa zai kai ka tsakiyar gari cikin minti ashirin ko ƙasa da haka.

Tashar da za ka sauka ita ma a kan ruwa take. An buɗe ta a 1889 a kan tsibirai uku da aka cike da yashi, kuma gumagumai 8,687 ne ke ɗauke da ita.

Batun gumaguman nan shi ne tushen labarin garin. Ƙasar Amsterdam laka ce da taɓo, ba ta iya ɗaukar gini. Sai magina su dinga kafa dogayen itatuwa suna bugawa, har su taɓo yashi mai ƙarfi da ke can ƙasa da mita goma sha wani abu, sannan a ɗora gida a kai. Muddin itacen yana nutse cikin ruwa ba ya ruɓewa, ko da zai shekara ɗari uku. Da zarar ruwan ƙasa ya ja baya iska ta taɓa kansa, ruɓa ta fara, sai ka ga gida ya karkace ya jingina da na maƙwabci. Fadar sarki da ke dandalin Dam, wadda aka buɗe a 1655 a matsayin ofishin hukumar gari, tana kan gumagumai 13,659. Yaran makaranta suna da dabarar haddace adadin: kwanakin shekara 365, a sa 1 a gaba, a sa 9 a baya.

Sarkin ba a fadar yake kwana ba. Shi da majalisa da ministoci duk suna birnin Hague, Amsterdam kuwa ta riƙe sunan babban birni.

Hanyoyin ruwan garin sun kai 165, tsawonsu ya haura kilomita 100, gadoji kuma sun wuce 1,200, wato sun ninka na birnin Venice kusan sau uku. Manyan uku da suka yi wa tsohon gari zobe, Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht, a 1613 aka fara haƙa su, da hannu da shebur. Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2010, garin kuma ya yi bikin cika shekara 750 a 2025.

Ka ɗaga kai sama yayin da kake tafiya. Gidajen bakin ruwa dogaye ne sirara, domin fili mai fuskantar ruwa ya yi tsada ƙwarai, sai kowa ya tsuke fuskar gidansa ya miƙa shi sama da baya. Akwai wani a titin Oude Hoogstraat, lamba 22, faɗinsa mita biyu da ɗan ɗoriya. A irin waɗannan gidaje matakalar bene a tsaye take, ga ƙunci, gado ko firji ba sa bi ta nan. Shi ya sa kusan kowane gida yake da katako da ya leƙo daga can ƙololuwa, da ƙugiya a bakinsa. Ranar tashi, mutum ɗaya ya tsaya a titi riƙe da igiya, wani yana taga ta hawa na uku ya cire gilashin, kujera tana lilo a sararin sama tana hawa a hankali, masu keke suna wucewa ta ƙarƙashinta ko kallo ba su yi. Kuma da yawa daga gidajen da ka ga sun ɗan sunkuyo gaba, da gangan aka gina su haka, don kada kayan da ake ja su daki bango.

Kekuna sun kusa kai yawan mutanen garin, wasu ƙididdigar ma sun ce sun fi su. Kowace shekara ana tsamo tsakanin 12,000 zuwa 15,000 daga cikin ruwa. Akwai kwalekwale na musamman mai ƙaton hannun ƙarfe, yana tafe yana dumbuza ƙasan ruwa, ya ɗago kekuna biyar ko shida a cure, baƙi ƙirin da laka, ya zuba a jirgin da ke biye da shi. A farkon 2023 kuma aka buɗe wurin ajiye keke 7,000 a gaban babbar tasha, a ƙarƙashin ruwa. Kwalekwalen 'yan yawon buɗe ido suna wucewa ta samansa.

Jan kwalta na masu keke ne. Baƙon da ya tsaya a kai yana ɗaukar hoto zai sha ƙararrawa, in bai yi sa'a ba ya sha karo.

Gidajen da ke kan ruwa sun kai wajen 2,500, da lambar gida da wuta da famfo, wasu har da lambu a rufi. Ɗaya daga cikinsu a hanyar ruwa ta Singel na kyanwoyi ne zalla, waɗanda ba su da mai su, tun 1968. A Singel ɗin dai akwai kasuwar furanni da rumfunanta ke kan jiragen ruwa tun 1862. Furen tulip da Holan ta yi suna da shi ba ɗan ƙasa ba ne, daga Daular Usmaniyya aka kawo shi. Kansa da ake shukawa kamar albasa yake, amma a farkon 1637 farashin wasu nau'o'insa ya kai kuɗin gida, kafin kasuwar ta rushe cikin 'yan kwanaki.

Ruwan da ya taɓa zama juji yanzu ana iyo a cikinsa a wasu lokuta. A 2012 Máxima, wadda ta zama sarauniya a shekarar da ta biyo, ta yi ninƙayar kilomita biyu a ciki don tara kuɗin yaƙi da cutar shanyewar jijiyoyi. A Westerdok kuma an shimfiɗa bututu a ƙasan ruwa tun 2019, yana fitar da kumfar iska da ke tare robobi ta tura su gefe, kifi da jirage kuwa su wuce abinsu.

A gidan tarihi na Rijksmuseum, hanyar keke ce ta ratsa tsakiyar ginin. A ciki akwai shahararren zanen Rembrandt na dakarun tsaron gari, wanda ya kammala a 1642. A 1715 aka kai shi ofishin hukumar gari, bangon da aka zaɓa ya yi masa kaɗan, sai aka sa wuƙa aka datse gefunansa huɗu. Ɓangarorin da aka yanke har yau ba a gan su ba.

Gidan da yarinya Bayahudiya Anne Frank ta ɓuya tare da danginta daga Yulin 1942 zuwa Agustan 1944, suna gudun 'yan Nazi, yana Prinsengracht lamba 263. Ƙofar maɓoyar tana bayan kantar littattafai mai juyawa. Ba a sayar da tikiti a bakin ƙofa, ta intanet kawai ake saya, kuma yakan ƙare makonni kafin ranar.

Akwai tambayar da ya kamata baƙo daga Afirka ya riƙe a ransa yana kallon manyan gidajen Herengracht: da kuɗin me aka gina su? A garin nan aka fara cinikin hannun jari irin na zamani, bayan kafa kamfanin cinikin Gabashin Indiya a 1602. Ɗan'uwansa na Yammacin Indiya, da aka kafa a 1621, ya ƙwace sansanin Elmina da ke gaɓar tekun Gana ta yau daga hannun Turawan Fotugal a 1637, ya mai da shi matattarar bayi. Jiragen Holan sun kwashi 'yan Afirka wajen 600,000 zuwa ƙetaren Atlantika, hukumar birnin Amsterdam kuma da kanta tana cikin masu mallakar Suriname, inda bayi suka yi ta noman rake. Sai ranar 1 ga Yulin 2021 magajiyar gari Femke Halsema ta nemi gafara a madadin birnin, Sarki Willem-Alexander ya bi sahu a rana irin ta a 2023. A ganina neman gafarar ya makara ƙwarai, amma gara da aka yi shi a bainar jama'a. Akwai mutum-mutumin tunawa da bayin a lambun Oosterpark. Sa'a guda a can ta fi sa'a guda a layin sayen tsaraba.

Mai neman atamfar Holan kada ya wahalar da kansa a shagunan tsakiyar gari. Masaƙar Vlisco tana can garin Helmond a kudancin ƙasar tun 1846, kuma yawancin abin da take bugawa Afirka yake tafiya.

Wurin salla ba ya wuya. Masallacin Fatih da ke titin Rozengracht tsohuwar majami'a ce, masallacin Westermoskee kuwa, da aka buɗe a 2016, yana bakin ruwa da hasumiya mai tsawon mita 42. Sai dai a duba jadawali: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa huɗu da rabi an yi magariba. Abincin halal yana nan a shagunan Turkawa da 'yan Maroko da 'yan Suriname. Kasuwar Albert Cuyp, mai ci tun 1905, ba ta ci ranar Lahadi, don haka Asabar za a je a ci wainar stroopwafel da zafinta. Jiragen fito da ke bayan babbar tasha kyauta ne, motocin haya da taragon cikin gari kuwa ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati.

Shagon da aka rubuta wa coffeeshop tabar wiwi ake sayarwa a ciki. Mai son shayi ko gahawa ya nemi inda aka rubuta café.

Garin da mazaunansa ba su kai miliyan ɗaya ba yana karɓar kwanan baƙi sama da miliyan 20 a shekara, kuma ya gaji. A 2023 hukuma ta yi tallan da ke cewa samarin Birtaniya masu zuwa shaye-shaye su yi zamansu a gida. A 2024 ta hana gina sababbin otal, ta kai harajin ɗakin kwana kashi 12.5 cikin ɗari. Katangun bakin ruwa suna tsufa, wata ta rufta a Grimburgwal a Satumban 2020, kuma kimanin kilomita 200 ne ake bi ana dubawa ana gyarawa. Ina ganin mutanen garin sun yi gaskiya. Gidajen da kake ɗauka hoto akwai masu barci a ciki, akwai yaran da za su tashi makaranta ranar Litinin. In Allah ya kai ka, sayi tikitinka tun daga gida, ka kauce wa jan kwalta, ka rage murya in dare ya yi.