Fulogi: kalmar da ta ƙetaro iyaka da kayanta

A Maraɗi, idan mutum ya tsaya gaban shago ya ce a ba shi fulogi, mai shagon da ya san aikinsa ba ya miƙa hannu sai ya tambaya: na mashin ko na wuta? Kalmar ta biyo hanyar Jibiya da Ɗan Isa tare da kayan da ake sarowa daga Katsina da Kano, kuma asalinta ita ce plug ta Ingilishi. Wanda ya yi lakwal a nan, Faransanci ya koya masa suna dabam ga kowane abu: bouchon, bougie, fiche, prise. Ingilishi kuwa ya ɗora duk wannan kaya kan kalma guda, shi ya sa ɗan kasuwar da ke odar kaya ta salula zai iya biyan kuɗin abu, a aiko masa da wani.

Ingilishin ma aro ya yi. A ƙarni na 17 ya karɓi kalmar daga harshen mutanen Holan, inda take nufin guntun itacen da ake toshe bakin ganga da shi. Ma'anar farko ke nan: abin toshe rami. Har gobe da ita ake kiran robar da ke tare ruwa a bahon wanka, da ɗan abin da ma'aikacin masana'anta ke cusawa a kunne saboda ƙarar inji. Duk ma'anar da ta zo daga baya, daga nan ta tsiro, domin kowane fulogi abu ne da ake cusawa cikin wani rami.

Wanda ƴan kabu-kabu suka fi sani shi ne na inji. Ana murɗa shi a kan silinda, ya toshe ramin, sannan ya ba da tartsatsin da ke kunna esansi. A garejin Yamai ko Tawa sunansa buji, daga bougie, wato kyandir, kalmar da ita ma ta samo suna daga garin Bijaya na Aljeriya, wanda ya yi fice wajen sayar da kakin zuma. Bafaranshe ya dubi wutar da abin ke bayarwa, Bature na Ingila ya dubi ramin da yake toshewa. Injin gazuwal ba ya amfani da tartsatsi. Nasa fulogin ɗumama ɗaki kawai yake yi kafin a tayar, kuma ba ya shiga gurbin na esansi ko da sunan ya zo ɗaya.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne fulogin wuta. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila: ƙafa uku masu kusurwa, wanda aka fito da shi a 1947. Nijar ta gaji na Faransa: ƙafa biyu masu zagaye. Ƙarfin kuran ɗin kusan ɗaya ne a ƙasashen biyu, wajen volt 220 zuwa 230, don haka firigo ko dutsen guga da aka sayo a Kano yana aiki a Damagaram lafiya lau. Bakin ne kawai ba ya shiga. Abin da aka saba yi sananne ne: a sa wuƙa a yanke kan, a fere waya, a cusa ta tsirara cikin bango, wani lokaci a danne da tsinken ashana.

Abin da mai wuƙar bai sani ba shi ne, a cikin wannan kan da ya jefar akwai fis, ɗan ƙaramin abu mai ɗaukar amfiya 3 ko 13, wanda aikinsa shi ne ya ƙone kafin waya ta kama wuta. Doguwar ƙafar ta uku kuma ba ado ba ce. Ita ce ke kai wuta ƙasa idan jikin na'ura ya ɗauki kuran, ita ce kuma ke buɗe ƴan ƙofofin da ke rufe ramukan soket don kada yaro ya cusa ƙusa. Tsarin Faransa ma yana da tasa ƙafar ta ƙasa, sai dai ita a jikin bango take tsaye. Wanda ya yanke kan ya zubar da kariya biyu a lokaci guda. A rumfar kasuwa mai cike da atamfa da leda, inda waya guda ke ɗauke da fanka da firigo da cajin salula goma, wannan ganganci ne, alhali sabon kai mai ƙafar ƙasa bai kai kuɗin yadi biyu na shadda ba.

Daga nan kalmar ta bar ƙarfe ta shiga bakin mutane. A gidajen rediyon Amurka da Ingila, idan baƙo ya saƙa tallar littafinsa ko faifansa cikin hira, shi ma plug ake ce masa. Matasan Amurka kuma suna kiran dillalin ƙwaya da wannan suna, wato wanda ke haɗa ka da kaya. A Legas da Kano ma'anar ta yi laushi: mai sayar da data, ko takalma, ko wanda ya san hanyar samun kaya da araha, duk sukan kira kansu haka a tallarsu ta WhatsApp. Ɗan kasuwar da zai rubuta wa abokin hulɗa a Amurka ya kamata ya san tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba a can.

Akwai kuma salon magana da jaridun Ingilishi ke so, pull the plug, wato zare fulogi. Suna faɗin haka idan likita ya kashe na'urar da ke riƙe da numfashin majinyaci, ko banki ya janye kuɗinsa daga wani aiki. A Nijar wannan magana ta taɓa zama zahiri. Tun 1976 layin Birnin Kebbi ke kawo wa Yamai wutar madatsar Kainji, wani layin kuma ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, yana ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na kuran da Nigelec ke rabawa daga Nijeriya yake zuwa. A farkon Agusta na shekarar, bisa takunkumin CEDEAO, aka yanke. Masu sayar da ƙanƙara, da teloli, da masu walda suka koma jiran rabo unguwa-unguwa, wanda ke da hali kuma ya nemi gurup, inda nan ma sai da fulogi mai kyau injin zai tashi. Wutar ba ta dawo ba sai bayan da aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024.