Bakin Bazara A Ƙasar Kabi: Bikin Su Na Argungu Da Wuraren Ziyara

Idan hunturu ya ja jiki, hazo ya fara washewa, ɗorawa ta yi tutu, mangwaro ya soma nuna, to, an shiga lokacin da manomi ya fi samun sarari a shekara duka. Amfanin gona yana rumbu, sharar gona kuwa ba ta kankama ba tukuna. Tun zamanin kakanni, a wannan tsakani ne akan yi bukukuwan aure da dambe da kokawa da farauta da su, kuma a cikinsa ne baƙi suka fi yawo, domin hanyoyi sun bushe, gulabe sun janye, ana iya zuwa ko'ina.

Mun ga ya kamata mu yi wa malaman makaranta da akawunan ofis bayani a kan wannan al'amari, domin su ne baƙo kan fara tambaya in ya sauka gari, su ne kuma kan shirya wa 'yan makaranta tafiya. Ba za mu iya zaga ƙasa duka a cikin shafi ɗaya ba, saboda haka muka zaɓi ƙasar Kabi, inda akan yi bikin su na Argungu a bakin bazara, watau tsakanin ƙarshen Fabrairu da watan Maris.

Asalin Bikin

Wanda bai san tarihin Kabi ba, in ya je Argungu kifi kaɗai zai gani. Muhammadu Kanta shi ne ya kafa mulkin Kabi a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga hannun Askiya na Songai, ya gina birninsa a Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, tana can har 1805, shekarar da rundunar jihadi ta ci birnin. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattara a Argungu, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu kusan shekara ɗari. An sami ɗan hutu a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda har yanzu ake kira Lafiyar Toga, amma ba ta dore ba. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915, shi Turawa suka iske bisa gado, ba a kuwa ci garinsa da yaƙi ba.

Zuwan Turawa ya tsai da yaƙi, amma bai wanke zukata ba. Sai cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya taso daga Sakkwato ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara. Kabawa suka duba abin da za su girmama babban baƙo da shi, suka ga ba abin da ya fi sana'arsu ta gado, sai suka shirya masa gagarumin su a gulbi. Kabawa sun daɗe da al'adunsu na ruwa, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, tun kafin wannan ziyara, amma daga ita ne ake lissafin bikin da muka sani yanzu. Ashe ke nan tushensa karɓar baƙo ne da kashe gaba. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata malami ya gaya wa yaransa tun ba su hau mota ba.

Ranar Su

Argungu tana kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Sakkwato, cikin Jihar Kebbi wadda aka yanka daga Jihar Sakkwato a 1991. Bikin kan ɗauki kwana 4. A kwanakin farko akan yi nunin amfanin gona, domin fadamar Argungu ta yi suna wajen shinkafa, ga dambe, ga kokawa, ga makaɗa ko'ina. Sa'an nan akwai wasannin ruwa da ake kira kabanci, watau tseren jirage, da nutso, da kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa. Mai son ya ga gwanintar Bakabe a cikin ruwa, kada ya bari kabanci ya wuce shi.

Ranar ƙarshe ita ce ta babban su, a wani yanki na gulbi da ake kira Matan Fada. Shekara duka ba a yarda kowa ya jefa taru a wannan yanki ba, don a bar kifi ya girma. Masu kula da wannan su ne Sarkin Ruwa, wanda tsaron gulbi ke hannunsa, da Homa, shugaban masunta. Tun da safe masunta dubbai sukan jeru nesa kaɗan da gaɓa, kowa riƙe da homarsa da babban gora. Goran nan shi ne jirginsa, a kansa yake kifa ciki ya yi iyo, a cikinsa kuma yake zuba abin da ya kama. Da an buga bindiga sai su kwasa da gudu gaba ɗaya, ƙura ta tashi, su faɗa ruwa, har mai kallo ya kasa ganin gulbin sai kawunan mutane da goruna. Makaɗa suna bin su cikin jirage suna zuga su.

Abin ba ya wuce kamar awa ɗaya. Daga nan sai a shiga fito da kifi ana ɗorawa bisa sikeli a gaban sarakuna da manyan baƙi. Akan sami tarwaɗa da kurungu da gargaza, amma wadda ido ke nema ita ce giwan ruwa. A bikin 2005 wadda ta ci gasa ta kai nauyin kilo 75, a na 2020 kuwa kilo 78, watau nauyin ƙaton namiji. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya.

Sauran Wuraren Ziyara

Baƙon da ya taso daga nesa bai kamata ya juya da an gama awon kifi ba. A cikin garin Argungu akwai Gidan Tarihi na Kanta, wanda shi ne fadar sarakunan Kabi har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. A ciki akwai takubba da masu da kwari da baka da tambura da sauran kayan yaƙi da na sarauta, ga kuma kaburburan sarakuna. Yaron da ya tsaya gaban makaman da aka yi wancan dogon yaƙi da su, sa'an nan ya fita ya ga Basakkwace da Bakabe suna zaune inuwa ɗaya suna kallon su, ya koyi abin da ba ya cikin allo.

Mai sarari kuma ya nemi ɗan jagora ya kai shi kangon Surame, ya ga ragowar ganuwar duwatsu da Kanta ya gina. Wurin daji ne yanzu, ba a zuwa sai an tambayi hukumomin yankin halin da hanya take ciki. A wajen kudu akwai Birnin Kebbi, hedkwatar jiha, inda fadar Sarkin Gwandu take, da kuma garin Gwandu inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake. Wanda ya haɗa waɗannan wurare a tafiya ɗaya ya ji labarin daga bakin ɓangarorin biyu.

Kuskuren Da Muka Yi

Wata shekara muka ɗauki ɗalibai 30 masu koyon aikin malanta, muka nufi Argungu ranar babban su. Laifin namu ne, domin mun ce sai an karya kumallo a tashi, ba mu lissafa cunkoson motoci a bakin gari ba. Muna kan hanya tukuna muka ji ƙarar bindiga. Kafin mu kutsa mu isa gaɓa, an riga an fara awo. Ɗalibai suka yi tsuru-tsuru, mu kuwa kunya ta rufe mu.

Da muka rasa abin yi, muka tara su gindin wata bishiya muka tambaye su, ruwan nan daga ina ya fito, ina kuma za shi? Ga mutanen da za su gaya maka ba gargada cewa kogin Nilu yana faɗawa Bahar Rum, amma ba wanda ya iya ba da amsar da ta gamsar. Wani tsohon masunci da ke ɗinkin homarsa kusa da mu ya saurara, ya yi murmushi, ya ɗauki tsinke ya zana mana gulbin a ƙasa, tun daga wajen Sakkwato har inda ya haɗu da Kwara. Ran nan shi ne malami, mu duka muka zama 'yan aji. Mun rasa kallon su, amma mun koma gida da sanin inda koyarwarmu ta gaza.

Ga abin da ya kamata kowane malami ya riƙe. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau, ya haɗu da gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Rima kuwa tana shan ruwan Bunsuru da Gagare da gulbin Maraɗi, wanda kan shiga ƙasar Nijar ya sake dawowa. Bayan sun haɗu sai su gangara ta Argungu da Birnin Kebbi, su karɓi ruwan Zamfara da na Ka, kana su faɗa Kwara. Saboda haka abin da aka yi wa ruwa a Zamfara ko a Gobir, masuncin Argungu ne zai gani a homarsa.

Halin Da Gulbi Yake Ciki

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damunmu. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984. Ba mai musun amfaninsu wajen noman rani da ruwan sha. Amma kifi a cikin fadama yake hayayyafa sa'ad da ambaliyar damina ta malale ta, in kuwa aka tare ruwa a sama, ambaliyar kan ragu, wuraren ƙwai su ƙuntata. Ga yashi yana cike gulbi, ga masu taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, ga marasa tsoron Allah masu zuba guba a ruwa.

Kada kuma a ɗauka biki ba ya mutuwa. Bayan na 2009 an yi shekara goma cur ba a yi shi ba, sai a watan Maris na 2020 aka farfaɗo da shi. Yaron da aka haifa a farkon wannan tsakani ya kusa gama firamare bai taɓa jin bindigar Matan Fada ba. A shekarun nan masu masauki da 'yan kasuwa da masu jirage da makaɗa duk sun ji a jikinsu. Al'adar da ta dogara ga ruwa da zaman lafiya, in ɗayansu ya yi rauni, ita ma sai ta yi.

Shawara Ga Malamai Da Ma'aikata

Ranar bikin ba tsayayya ba ce, hukuma ce kan sanar, saboda haka a tabbatar da ita tukuna, a nemi izinin iyaye, a rubuta wa wata makaranta ta garin a roƙi masauki. A isa tun ana gobe, a kwana, a kama wuri da sassafe. Zafin wannan yanki a bazara yakan haura digiri 40, don haka a ɗauki ruwan sha isasshe da akwatin magani, a kuma tuna lokacin sanƙarau ne, kada a cusa yara su kwana cikin ɗaki marar iska. A raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace da malaminta, a ƙidaya su wajen sauka da wajen tashi, kada kuma a bar yaro ko ɗaya ya matsa bakin gaɓa sa'ad da masunta suka taso a guje.

A koya musu ladabin baƙunta. Su gai da manya, su nemi izini kafin su ɗauki hoton mutum, su tuɓe takalma inda aka ce a tuɓe, su natsu a wurin kaburbura. In an komo, kowane yaro ya zana taswirar gulbin, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji daga bakin mutanen gari. In ba a yi haka ba, tafiyar ta zama yawon shan iska kawai.

Ku kuma akawuna da sauran ma'aikatan da baƙi kan sauka hannunku, ku san tarihin garinku yadda za ku iya ba da shi daidai, ku san hanya da masauki da asibiti, ku ja kunnen masu ninka wa baƙo kuɗin kaya don sun ga bai san gari ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, baƙon da aka cuta kuwa ba shi kaɗai ke ƙin dawowa ba, har da duk wanda ya ba labari.

Ba kowa ne zai sami zuwa Argungu ba. Amma ba ƙasar da ba ta da nata gulbi ko dutse ko kufai ko dandalin kokawa, da tsohon da ya san labarinsu. Kafin ruwan farko ya sauka a koma gona, muna roƙon kowane shugaban makaranta ya zaɓi wuri ɗaya kusa da shi, ya kai yaransa, ya nemi tsohon ya yi musu bayani. Allah ya kai mu bazara lafiya, ya ba mu damina mai albarka.