Ruwan Kanwa da Cunkoson Shuka a Gonar Masara

Idan rani ya yi nisa, a wasu gonakin fadama za ka ga bakin kunya ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Gishiri ne da kanwa da ruwan ban ruwa ya zo da su. Rana ta ɗauke ruwan, su suka zauna, kuma kowace shayarwa tana ƙara wani a kan wani. Manoman Dallol Bosso a Nijar, inda ake haƙar kanwa, sun san wannan farin sarai.

Masara ba ta jure shi. Binciken Maas da Hoffman na 1977 ya nuna amfaninta yana fara raguwa da zarar ma'aunin gishirin ƙasa ya wuce 1.7, kuma kowane ƙarin 1 yana cin kusan kashi 12 cikin 100. Alkama kuwa sai ya kai 6 take fara jigata. Gishirin yana riƙe ruwan ne a cikin ƙasa, saiwa ta kasa zuƙa, sai ka ga masara ta yi yaushi alhali gindinta a jiƙe yake. Tsiron farko ya fi shan wuya: ya fito tsilli-tsilli, bakin ganye ya ƙone, kara ya tsumbure.

A nan manomi yakan yi abin da hankali ya ba shi, ya zuba iri huɗu ko biyar a rami, ya matse tazara, don kada gona ta yi giɓi. Ban ga laifinsa ba, kuma ƙarin kaɗan yana da amfaninsa, tunda inuwar ganye tana rage bushewar ƙasa. Amma cunkoso yakan sa saiwoyi da yawa su yi rububin ɗan ruwan da ake iya zuƙa, gishirin da ya rage ya ƙara kauri. Kara zai yi gemu, goyon ya fito ƙarami ko babu ƙwaya. Tazarar da malaman gona suke bayarwa, santimita 75 tsakanin kunya da 25 tsakanin rami, tsiro ɗaya-ɗaya, tana ba da kusan 53,000 a hekta, kuma ya wadatar.

Abin da ya fi damuna shi ne magudanan da aka bari suka toshe. Gishiri ba ya barin gona sai an ba ta ruwa fiye da buƙatar shuka, ya wanke shi ƙasa da saiwa, ya sami hanyar fita. Kafin a sayi ƙarin iri, a yashe magudana, a kuma kai ruwan ban ruwan a gwada.