Kifin mandarin: yunwa ce babbar barazanarsa a sabon wuri

Mandarin ɗan kifin ruwan gishiri ne da tsawonsa bai wuce santimita 8 ba, jikinsa duk zanen shuɗi da kore da ruwan goro. Asalinsa yammacin tekun Pasifik, daga Filifin da Indunusiya har Ostireliya. Masu kiwon kifin ado cikin akwatin gilashi suna rububinsa, sai dai da yawa daga waɗanda ake kamowa a teku yunwa ke kashe su, don ba sa cin komai sai ƴan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa masu rai.

Shi ya sa aka fi son wanda aka ƙyanƙyashe a gidajen kiwo irin su ORA a Amurka da Biota a tsibirin Palau, tunda ya saba da abincin da mutum ke ba shi.

Ran da ya iso, ana kashe fitila, a ɗora ledarsa bisa ruwan akwatin minti 15 har ɗuminsu ya zo ɗaya, wajen digiri 25. Sannan a juye shi a bokiti, a riƙa ɗiga masa ruwan akwatin kamar minti 45, ya saba da gishirinsa, wato giram 35 a lita. Ruwan ledar zubar da shi ake yi.

Mandarin a ƙasa yake kiwo, kuma ba ya hanzari, sauran kifaye kan riga shi. Don haka ana tsayar da famfo, a ajiye masa ƙwan kifi ko ƴan jatan lande a gabansa, sau 2 ko 3 a rana. In cikinsa ya fara lotsawa, abincin bai isarsa ke nan.