Makaɗi ɗaya, kiɗan mutum goma

A bikin aure a zangon Lome, ba lallai ba ne a ga makaɗa jere da kalangu. Sau da yawa mawaƙi shi kaɗai yake zuwa da filashi a aljihu, mai sifika ya saki kiɗan da aka haɗa a situdiyo, shi kuma ya hau kai yana wasa amarya da danginta.

Abin ba sabo ba ne. Mamman Sani, haifaffen Akara da ya yi suna a Yamai, ya samu ogan na lantarki ƙirar Orla, ya fitar da kaset a 1978. Hannu ɗaya na riƙe da amo, ɗayan na zuba karin waƙoƙin Nijar, injin na buga ganga. Rediyo da talabijin na ƙasar sun daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013.

A Kano kuwa, fiyanon Yamaha ne ya raini waƙoƙin fim.

Sauƙin kuɗi ga mai biki gaskiya ne. Amma filashi ba ya ganin shigowar babban baƙo balle ya sauya kiɗa ya yi masa take, kuma makaɗan kalangu da yawa sun rasa wurin cin abinci.