Gwajin Jini Don Gano Kumburin Fankiriyas a Jikin Kare

A Kahu da sauran garuruwan ƙasar Kibiya da Rano, karen farauta dukiya ne, domin mai shi yakan ɗauki lokaci yana horar da shi kafin ya amince ya fita da shi daji da rani. To, akan sami lokacin da za a tara wa kare kitse da kayan ciki, musamman bayan an dawo daga farauta ko kuwa a kwanakin layya, kashegari sai a ga ya ƙi abinci, yana ta amai, ba ya son a taɓa masa ciki. Ɗaya daga cikin cututtukan da kan zo da wannan kama shi ne kumburin fankiriyas na farat ɗaya, wanda in ya yi tsanani yakan kashe.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu ɗalibai mu lura da sunan. Wasu masu fassara sukan kira wannan gaɓa saifa, alhali kuwa saifa daban take, aikinta tace jini. Shi fankiriyas wani siririn nama ne da ke kwance tsakanin tumbi da farkon ƙaramin hanji, yana samar da insulin da kuma ruwan narkar da abinci. Idan sinadaran wannan ruwa suka fara aiki tun suna cikinsa, sai su shiga cin gaɓar da ta yi su. Wannan shi ne ciwon.

Da yake amai da ciwon ciki alamu ne na cututtuka da yawa, tilas likitan dabbobi ya koma ga jini. Tsohuwar hanya ita ce auna sinadarai biyu, wato amiles mai narkar da sitaci, da lifes mai narkar da kitse. Hujjar ita ce, in fankiriyas ya kumbura, za su kwarara cikin jini su yi yawa. Sai dai kuma ba shi kaɗai ke yin su ba. Tumbi da hanji ma suna bayarwa. Bugu da ƙari, ƙoda ce ke taimakawa wajen kawar da su, saboda haka karen da ƙodarsa ta raunana zai nuna adadi mai yawa ko da fankiriyas ɗinsa lafiya lau. Akan kuma sami kare mai ciwon sosai amma awonsa bai tashi ba. A ganina, awon da zai ɗora wa mai lafiya ciwo, ya kuma wanke majiyyaci, bai cancanci a yanke hukunci da shi kaɗai ba.

A farkon shekarun 2000, Jörg Steiner da David Williams na Jami'ar Texas A&M ta Amurka suka fito da gwajin da ke kama lifes ɗin fankiriyas kaɗai, ya ƙyale na sauran gaɓoɓi. Daga nan kamfanin IDEXX ya mai da shi iri biyu. Na farko, Spec cPL, a ɗakin gwaji ake yinsa, yana ba da lamba: maikirogiram 200 zuwa ƙasa a kowace lita lafiya ce, 400 zuwa sama kuwa ya dace da ciwon, abin da ke tsakani sai a sake aunawa. Na biyu, SNAP cPL, ɗan faranti ne da ake ɗiga wa ruwan jini, cikin kamar minti 10 launi ya bayyana. Ƙarfinsa yana wajen kore zato: in ya nuna babu, galibi babu ɗin ne, in ya nuna akwai, to da saura, sai an haɗa da lamba da hoton ciki.

Akwai wani abu da ya shafi karnukanmu musamman, wato kaska. Ita ce ke ɗauke da ƙwayar Babesia mai farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma likitocin Onderstepoort a Afirka ta Kudu sun nuna cewa wannan cuta kanta takan jawo kumburin fankiriyas. Ke nan karen da ke kutsawa cikin ciyawa yana bukatar a shafa ɗigon jininsa a gilashi, a rina, a duba da madubin likita, a kuma auna ƙarfin jinin da aikin ƙoda. Waɗannan gwaje-gwaje ba su da tsada kamar na farko, kuma aiki ne na yau da kullum a wurare irin su asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Shi kuwa mai kare, abin da zai kai wa likita bai tsaya ga dabbar ba. Ya faɗi abin da ta ci, da ranar da aman ya fara, da duk maganin da ya riga ya ɗura mata, domin wasu magunguna, irin su dekisametazon, suna ɗaga lifes a tsohon awo.