Wasan da ke tambayarka: amana ko cin amana?

Yau wasan bidiyo na kawo muku, kuma ba irin na ƙwallo ko harbe-harbe da muka saba ba. Sunansa Zero Escape: Virtue's Last Reward. Ɗan Japan ne, ya fito a 2012 a kan Nintendo 3DS da PlayStation Vita, wanda ya rubuta labarin kuma shi ne Kotaro Uchikoshi. Zanen mutanen cikinsa salon anime ne sak. Shi ne na biyu a jerin wasanni uku: na farko, wanda ake kira 999, ya fito a 2009, na ƙarshe, Zero Time Dilemma, a 2016.

Ga yadda abin yake. Kai ne Sigma, ɗalibin jami'a. An sace ka, ka farka a kulle cikin lifta tare da wata yarinya mai suna Phi. Da kuka fito sai kuka tarar ku tara ne a wani ƙaton gini da ba hanyar fita, kowa da wani abu kamar agogo a ɗaure a hannunsa, yana nuna lamba 3. Sai wani zomo na kwamfuta, mai shegen surutu da baƙar zolaya, ya bayyana a allo ya karanto doka. Akwai ƙofa mai lamba 9. Wanda makinsa ya kai tara shi ne zai iya buɗe ta, kuma sau ɗaya tak take buɗewa. Wanda makinsa ya sauka zuwa sifili, agogon nan zai soka masa allurar guba.

Rabin wasan karatu ne da sauraren hira. Ɗaya rabin kuwa ɗakuna ne da ake kulle ka ciki, ka bi lungu-lungu kana tattara kaya, kana warware lissafi da alamomi har ka gano lambar sirrin akwatin ƙarfen da makulli ke ciki. Wasu ɗakunan suna da daɗi, wasu kuma gaskiya jan rai ne kawai. Ba su ne suka sa na ware wa wasan shiri guda ba.

Abin da ya sa shi ne ƙuri'ar da ake kaɗawa bayan kowane ɗaki. Za a shigar da kai wani ɗan keji, wanda kuka gama wahala tare shi ma a nasa, ba kwa ganin juna. Maɓalli biyu ne a gabanka: amana ko cin amana. To ku riƙe lissafin nan da kyau. In ku duka kuka riƙe amana, kowa ya samu maki 2. In ku duka kuka ci amana, ba wanda ya samu komai. In kai ka ci amana shi ya riƙe, kai ka samu 3, shi a cire masa 2.

Kun ga abin? Da kowa zai riƙe amana, daga 3 sai 5, sai 7, sai 9. Zagaye uku, mutum tara su fita lafiya, ba wanda ya ko ƙwarzane. Amma maci amana zagaye biyu kawai yake buƙata: 3, 6, 9, ya buɗe ƙofa ya bar saura a kulle har abada. Shi kuma mai yarda da mutane, in aka cuce shi sau ɗaya ya dawo 1, a karo na biyu gawa ne. Saboda haka ko mutumin kirki zai fara cewa a ransa: ni ba mugu ba ne, kare kaina kawai zan yi. Matsalar ita ce na cikin ɗaya kejin shi ma abin da yake faɗa wa kansa ke nan.

Wannan ba Uchikoshi ne ya ƙirƙiro shi ba. Tsohuwar matsala ce da masana lissafi ke kira tsaka-mai-wuyar fursuna, wadda Merrill Flood da Melvin Dresher suka tsara a 1950 a cibiyar RAND ta Amurka. Wajen 1980 Robert Axelrod ya haɗa gasar manhajojin kwamfuta a kanta, ana ta maimaita wasan. Dabarar da ta yi nasara mai sauƙi ce: fara da amana, daga nan duk abin da aka yi maka a zagayen baya ka mayar. Sai dai a can maki kawai ake asara. A nan sau biyu za a yaudare ka, ba ka da zagaye na uku da za ka rama.

Yanzu zan ɗan fasa ƙwai kaɗan, wanda ba ya so ya tsallake wannan sakin. Wasan yana da taswirar rassa, kana iya komawa baya ka sake zaɓi. Akwai inda za ka riƙe wa wata mai suna Alice amana, ta ci taka. Ranka ya ɓaci, ka koma ka danna cin amana don ka riga ta. Sai ka tarar a wannan karon ita ta riƙe amana, kai ne azzalumin, tana kallonka tana neman ba'asi. Da farko za ka ce ai wannan maguɗi ne. Ni a ganina nan ne wasan ya fi ƙarfi, domin ya hana ka fakewa da cewa ka san halinta. Labarin ma daga baya ya ɗauko wannan ya mai da shi jigo: Sigma yakan tuno abubuwan da suka faru a wani reshe, har akwai wuraren da labari zai tsaya cak sai ka je wani reshen ka samo wani sirri ka dawo da shi. Ƙarshe 24 ne, kuma ba ka isa ƙarshen gaskiya ba sai ka danna maɓallin cin amanar nan da hannunka, har a kan waɗanda ba su taɓa cutar da kai ba. Na Luna ya fi ciwo.

Mai son gwadawa, an haɗa shi da 999 a fakiti ɗaya mai suna The Nonary Games a 2017, yana nan a kwamfuta ta Steam da PlayStation 4. Ku fara da 999, don akwai mutanen da suka taso daga can. Ku sani na manya ne, akwai kisa da maganganu masu nauyi, kada a miƙa wa ƙanne. Yana kuma son Turanci mai ɗan ƙwari da haƙurin karatu na sa'o'i masu yawa.

Wanda ya buga, ya faɗa mana abin da ya danna a zagayen farko, kuma ban da ƙarya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.